Ramin da Na Haƙa a Gindin Ɗinyar Amurka

Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma rabinsa a gonar gyaɗa na yi shi. Saboda haka duk wanda ya tsinci kuskure a rubutun nan, ya kai ƙara wurin hedimastanmu, in ya san inda yake kwance. Sunana Tanko, ana ce mini Tanko Mai Rijiya, mutumin wani ƙauye ne a bayan Giwa ta ƙasar Zazzau. Shekara talatin da ɗoriya na yi a cikin rami. Na haƙa wa waɗansu rijiya sun sha, na haƙa wa waɗansu kabari sun kwanta, kuma duka biyun ba wanda ya taɓa dawowa ya ce aikina bai yi ba.

Zangona na farko a Amurka, Largo. 'Yata Hajara ce ta kawo ni bayan rasuwar uwarta. Uwata nake kiran ta, don sunan mahaifiyata ta ci. Nas ce a wani asibiti a nan. Ranar da na sauka ta ja ni muka gangara matakala, ta buɗe wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ta ce, "Baba, ga ɗakinka. Besmen ake ce masa."

Na ce, "Uwata, shekara talatin ina roƙon Allah ya fid da ni daga rami. Kin biya kuɗin jirgi kin sake sa ni a wani."

Ta yi dariya ta tafi aiki. Haka aka bar ni da talabijin da firij. Jikoki in na gaishe su da Hausa su amsa da Turanci, kai ka ce ni ne yaron su ne manyan. Maƙwabci kuwa, wata shida muna haɗa bango, ban san ko yana da uwa ba. Da na ga zan haukace sai na fara fita bayan gidaje, inda wani ɗan rafi ya ratsa ta cikin kurmi. Nan nake zuwa in zauna in yi kewar gida ba mai gani na.

A bakin rafin nan na fara ganin itacen. Doguwa ce, rassanta sun miƙe gefe da gefe kamar mutumin da tela ke auna masa riga. Ɓawonta a tsattsage kamar bayan kada. 'Ya'yanta ƙanana baƙaƙe, sai ka ce ɗinya ce ta yi jarirai. Na jefa ɗaya a baki, tsami ya kusa cire mini haƙorin da ya rage. Na ce to, ke ce ɗinyar Amurka, an ga kama ba a ga hali ba. Da watan tara ya kama, sauran itatuwa suna kore shar, sai na tarar ta yi ja wur ita kaɗai. Na koma gida da alhini na gaya wa Uwata ƙawata ta kamu da ciwo. Ta ce, "Baba, kaka ce ta zo. Duk za su yi haka, ita dai gaggawa gare ta."

Zango na biyu, Gaithersburg. A masallacin Juma'a na haɗu da Alhaji Sabo, wani Bakano mai kamfanin yankan ciyawa da dashen itatuwa, mai dillancin gidaje a gefe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba, irinku muke nema. Sufabaiza za ka zama." Ni Bazazzagi, na san Bakano tun ina goye, amma zaman besmen ya sa na manta karatuna. Sufabaizan da na zama, injin hura ganye aka ɗaura mini a baya, ina bin titi ina kora ganye daga ƙofar wani Bature zuwa ƙofar wani. Mu shida ya zuba a ɗaki biyu. In mun je gidan mai kuɗi sai ya nuna ni ya ce wai masanin itatuwa ne ya ɗauko takanas daga Afirka. Mai gida na juya baya, sai ya miƙo mini injina.

Abin da na samu a wurin Alhaji Sabo guda ɗaya ne, shi ne Malam Idi. Mutumin Maraɗi ne, shi ke tuƙa motar aikin, ya girme ni da shekara biyu, ya riga ni zuwa da goma sha biyar. Sanyin farko da ya same ni, yatsun ƙafata suka mutu a cikin takalmi, na zauna a bayan mota ina hawaye ina cewa iska ce. Sai ga Malam Idi. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mini, ya koya mini sa leda tsakanin safa da safa. Da yamma ya dama mini gero da madarar kanti ya ce, "Bon, ba hura ba ce, amma ka rufe ido ka sha, sai ta zama." Shekara huɗu katifata na jikin tasa.

A wannan aikin na san sunan ƙawata. A jikin takardar da ake rataya wa dashe aka rubuta tufelo, baƙar tufelo, mutanen karkara kuma suna ce mata bilak gom. A nan kuma ta ba ni kunya. Na riga na yanke hukunci cewa itacen fadama ce kamar ɗinyarmu, har na yi wa Malam Idi lacca a kai. Sai ga ta wata rana a kan wani tudu mai duwatsu, inda ko kare bai yi fitsari ba, ta tsaya gajeruwa, a murtuke, kamar wadda aka aurar garin da ba ta so amma ta ƙi yaji. Malam Idi ya tsayar da mota ya ce, "Malam mai lacca, ga fadamarka bisa dutsi."

Ban ji haushi ba, na sa ido. Shekara huɗu ina kallon ta duk inda muka je. Na gane tana iya zama a tudu, amma ɗaya-ɗaya, inda tsuntsu ya kasayar da iri. Inda ranta ke so shi ne bakin rafi da gefen fadama, ƙasa mai laima. A can take tara dangi, ta yi tsawo, gindinta ya yi kauri. Na taɓa gwada tone wata 'yar ƙarama da ba ta wuce gwiwa ba, na zura hannu har kafaɗa ban kai ƙarshen saiwarta ba. Na mayar da ƙasa na ce, yi haƙuri, ashe abokiyar sana'a ce.

Gwiwa ta sa na bar aikin na koma Largo. Malam Idi shi ma ya ajiye tuƙi ya koma wurin ɗansa a Bowie. Kullum muna waya, yana zagin tuwon Zazzau ina zagin Faransancinsa. Sai bara ciwon hanta ya kwantar da shi a asibitin da Uwata ke aiki.

To, a nan maganar ta taso. Mu Hausawan yankin nan ba mu da maƙabartar kanmu. In mutum ya rasu, ko a sa shi a jirgi, ko a roƙi wuri a maƙabartar waɗansu Musulmin, can nesa. Shekara uku ƙungiyarmu tana neman fili. Shugaban kwamitin Dokta Kabiru ne, Bakano shi ma, doktan kwamfuta ba na allura ba. Zan faɗi gaskiya a kansa ko da Bakano ne: yaron ya wahala. Ya bi ofisoshi, ya bi lauyoyi, ya bi mutane gida-gida. Da likitoci suka ce kwanakin Malam Idi sun kusa, sai neman ya zama gudu. Ana cikin haka Alhaji Sabo ya zo da albishir, wai ya samo fili a bayan Bowie, wajen kogi, da araha, minti ashirin daga gidan ɗan Malam Idi.

Na je duba Malam Idi ran Juma'a. Ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, amma bakin na nan.

Ya ce, "Tanko, ka ji an samu wuri?"

Na ce na ji.

"Ɗiyana nan suke, ba su tahiya Maraɗi ziyara. Nan za a bizne ni, na yarda. Amma ka san ni ɗan rairai ne. Tun da ni zo ƙasag ga ruwa ke bugu na, bisa da ƙasa. Na gaji da jiƙewa. Ka tahi ka gano mini wurin da idonka. Waɗancan da biro suka san ƙasa."

Na ce, "Kai da ba ka son wanka tun kana da lafiya."

Ya yi dariya har na'urar da ke gefensa ta yi ƙara. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Da gaske nike."

Na ce na sani.

Ran Asabar muka je ganin fili, mota biyar. Ƙarshen watan tara ne, an yi wata biyu ba ruwan kirki, ƙasa ta bushe ƙamas. Muka bar kwalta muka bi wata hanyar tsakuwa, kuma tun a mota cikina ya gaya mini gangara muke yi. Da muka fito, mutane suka yi ta salati. Fili shimfiɗe, ciyawa kore, kewaye da itatuwa ja wur kamar an kunna musu wuta. Aka fid da wayoyi ana hoto. Wani ya ce wannan ai tun a duniya an fara shiga Aljanna.

Ni kuwa itatuwan na ƙura wa ido. Ɗinyar Amurka ce, ba ɗaya ba, ba goma ba, gari guda. Dogaye, gindinsu a kumbure kamar ƙafar mai tundurmi. Na bar su suna hoto na shiga cikin itatuwan. A jikin kowace akwai baƙin zane a kewaye, daidai gwiwata, duk a layi ɗaya kamar an ja da igiya. A ƙasa ga tulin laka ƙanana masu rami a tsakiya, irin ginin da ƙaguwar fadama ke yi. Kuma ciyawar da ke kore bayan wata biyu ba ruwa, wa ke ba ta sha?

Na dawo na ce, "Dokta, wurin nan tafki ne ya tafi hutu."

Aka yi dariya, an ɗauka wasan Zage-zagi da Kanawa ne. Na nuna musu itatuwan na yi bayani. Dokta Kabiru ya ɗauki hoton ganye da wayarsa, ya ɗan latsa, ya gyara tabarau.

"Baba Tanko, ga abin da aka rubuta. Itacen nan tana fitowa tun daga iyakar Kanada har Florida, ta yi yamma har Texas. Rabin ƙasar nan ke nan. Kuma an ce tana fitowa a fadama, tana fitowa a busasshen tudu. Ka ga ke nan ganin ta ba hujja ba ce."

Na ce, "Wayarka ba ta yi ƙarya ba. Ni ma na gan ta a kan dutse. Bafulatani ma ana ganin sa a tashar mota a Legas. Amma in ka ga ruga guda da shanu da 'yan maruƙa, kada ka tambayi waya ko akwai mashaya kusa."

Alhaji Sabo ya sa baki. "Baba, nan fa Amurka ce. Akwai hukuma, za su zo su gwada ƙasa da na'ura. Sai dai mai filin ba zai jira ba, akwai wani coci da ke nema. A sa hannu ran Talata, gwaji ya biyo baya."

Na ce, "Wato a yanka rago, sannan a kira likitan dabbobi."

Wani matashi daga baya ya ce, "Baba, da wane digiri kake wannan maganar?"

Na ce, "Aji huɗu, ɗana. Amma duba nan, duk wanda ke tsaye a filin nan na girme shi. Bayan Malam Idi, layi a kaina yake. Ku masu digiri saye kawai za ku yi. Ni ne zan kwanta."

Sai Dokta ya dafa kafaɗata a hankali ya ce, "Baba, shekara uku muna nema. Malam Idi ba shi da wata uku. In wannan ya kuɓuce, ina za mu kai shi?" Aka ɗaga hannu, kowa ya yarda, ni kaɗai na bar nawa a aljihu.

Ran Litinin da sassafe na fito da shebur da diga da na saya tun zamanin Alhaji Sabo, na tsaya a jikin motar Uwata.

Ta ce, "Baba, ina za ka da waɗannan?"

"Duba fili. Lauyan ƙungiya ya ce mai saye yana da ikon ya duba kafin sa hannu. Ni da shebur nake dubawa."

"Baba, gwiwarka. Kuma nan ba Giwa ba ce. Baƙin mutum ya shiga jeji yana haƙa rami, 'yan sanda za a kira maka."

"Su zo. In sun zo su karɓe ni haƙar."

Ta yi ta faɗa tun daga Largo har hanyar tsakuwa, amma ta kai ni. Ta cusa mini waya a aljihu da gorar ruwa, ta ce in ban kira ta duk awa biyu ba ita za ta kira 'yan sandan da kanta.

Na zaɓi tsakiyar fili, inda ya fi ko'ina tudu, don kada a ce na yi son kai. Na duba alƙibla, wadda a ƙasar nan ba gabas sak take ba, ta karkata arewa. Na auna tsawon mutum da faɗinsa, na yi bisimilla na sara. Taki ɗaya na farko baƙar ƙasa ce mai kyau, irin wadda za ta yi rake. Daga nan sai yumɓu. Na ɗebo na murza. Toka-toka ne, da ɗigon tsatsa a jikinsa kamar tsohuwar langa. Na kai hanci, na ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk mai haƙar rijiya ya san wannan ƙasar. Ƙasa ce da ta saba kwana a ruwa.

Na kai gwiwa ke nan sai na ji haushin kare. Na ɗaga kai, ga wani tsoho baƙar fata, dogo, da hular hana sallah, waya a hannu, yatsa a kan lamba. Ya dubi ramin, ya dubi tsawonsa, ya dube ni.

Ya ce da Turanci, "Wa ka kashe?"

Turancina na yankan ciyawa ne, amma ya kai ni inda za ni. Na ce ban kashe kowa ba, abokina ne ke shirin mutuwa da kansa, ni wuri nake duba masa. Na yi masa bayani da baki da hannu. Ya saurara, ya mayar da waya aljihu, sannan ya tuntsire da dariya har karen ya tsorata.

Sunansa Mista Jesi, gidansa na kan tudun da ke sama da filin. Ya ce kakansa taba yake nomawa a can sama, nan ƙasa kuwa aladu da ƙudan zuma aka bar wa. Wai in itacen nan ta tsufa cikinta yakan rube ya bar kogo, sai su yanka gunduwa-gunduwa su yi amya da ita. Ya ja ni gindin wata ya ɗora yatsa a kan baƙin zanen nan. Ya ce, "Watan uku, ruwa nan yake kaiwa. Ina yaro a nan nake kama kwaɗi. Mutum huɗu suka zo sayen filin nan a gabana, duk a ƙarshen rani ake kawo su."

Ya tafi ya dawo da gatarin saran saiwa da kofi a gora da dankalin Hausa gasasshe. Ya girme ni, ga ciwon baya, amma ya zauna a bakin ramin yana jan bokiti yana zubarwa. Da azahar na fito na yi salla, ya cire hularsa ya riƙe karen har na sallame. Tun da na zo ƙasar nan ban yi aiki da ya yi mini daɗi kamar na ranar ba.

Da la'asar na kai ƙirji. Na kira Dokta na ce ya zo da mutanensa. Suka zo su shida daga wurin aiki, da takalma masu ƙyalli, suka kewaye ramin suka leƙa. Ba ruwa. Ko cokali ɗaya. Yumɓu ne kawai mai sanyi, yana ɗan naso.

Alhaji Sabo ya ce, "To Baba, ina tafkin? Ko ya ƙara hutun ne?"

Suka yi dariya, ni ina tsaye a ciki, laka har gira, gwiwa na zogi. Ba zan ɓoye ba, na ji kunya, har zuciyata ta ce ko dai tsufa ne ya fara taɓa ni. Amma na tuna abin da maigidana a sana'ar rijiya ya koya mini tun ina ɗaukar masa guga.

Na ce, "Ba a yi wa rijiya hukunci ranar da aka haƙa ta. Sai ta kwana. Yumɓu marowaci ne, kamar Bakano, ba ya bayarwa a gaban mutane."

Dokta ya ce, "Baba, gobe sha biyu za mu sa hannu. Don Allah ka fito ka je ka huta. Kuma a mayar da ƙasar nan kafin mai fili ya gani."

Na ce ba mai mayar da ita. Mista Jesi ya kawo faifan katako da tamfol muka rufe bakin ramin a gabansu, muka danne da duwatsu, don kada gobe wani ya ce raɓa ce ko ruwan sama. Na sa Dokta ya ɗauki hoto da wayar tasa mai ilimi.

Washegari Uwata ta ɗauki hutun rabin yini ba tare da na roƙe ta ba. Muka isa rana ta ɗan ɗaga, Mista Jesi na zaune a kan kututture yana jira, bai taɓa komai ba. Na janye duwatsu na ɗaga katakon. Sai na ga fuskata a ƙasa tana kallo na, da itatuwan nan ja a bayanta. Na zura sandar diga. Ruwa ya wuce taki biyu, a ƙarshen rani, bayan wata biyu ba girgije.

Uwata ta ɗauki bidiyo ta tura zauren ƙungiya na waya. Kafin awa guda motoci suka fara gangarowa. Wannan karon ba wanda ya yi hoton itatuwa.

Alhaji Sabo ya leƙa ya ce, "Wannan ɗan ruwan? Ai sai a zuba yashi a ɗaga wurin, a ja magudana. Kuma a nan ƙasar akwatin siminti ake sawa a cikin kabari."

Na ce, "Akwatin siminti a cikin ruwa, a garinmu kwalbati ake ce masa."

Waɗansu suka fara gyaɗa kai ga maganar yashin, don mutum in ya sa rai da abu, ko igiyar gizo-gizo ya samu sai ya kama. Na ga za a sake ɗaga hannu. Sai na tuɓe hulata na ajiye a kan katako.

Na ce, "Ba na gardama da masu ilimi. Ga rami nan, na auna shi daidai, na duba alƙibla. Duk wanda ya ce nan wurin kwantar da Musulmi ne, ya sauka ya kwanta a gefen damansa, minti ɗaya kawai, Dokta ya duba agogo. In ya fito ya ce da daɗi, ni zan fara sa hannu, da babban yatsa. Alhaji, kai ka samo wurin, kai ya kamata ka buɗe."

Alhaji Sabo ya dubi shaddarsa. Ya ce shi ba ya wasa da mutuwa. Na ce ni ma ba na yi, shi ya sa na zo da shebur.

Ba wanda ya motsa. Can Dokta Kabiru ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando, ya zauna a bakin ramin ya zame har ƙafafunsa suka shiga ruwan. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye. Da ya fito ƙafarsa ta yi fari don sanyi. Ya ciro waya ya kira lauya ya ce a dakata. Sannan ya juyo, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Shi ke nan, Baba, ka yi nasara. Yanzu sai ka je ka gaya wa Malam Idi ba mu da inda za mu sa shi."

Na je na gaya masa. Na ce wurin ruwa ne, na hana. Na ce yanzu sai dai maƙabartar 'yan Pakistan, tafiyar awa biyu, 'ya'yanka ba za su riƙa zuwa kowace Juma'a ba, kuma ni na jawo.

Ya rufe ido. Sannan ya ce, "Ruwan ya kai ina?"

Na nuna masa a ƙwaurina.

Ya ce, "Su sha mai su zo. Mota gare su."

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. Muka kai shi can, bayan gari, kan wani tudu mai iska. Rabin mutanen ƙungiya ba sa yi mini magana a ranar, har yau ma akwai masu gaishe ni da ka kawai, don har yanzu ba mu da fili. A maƙabartar nan inji ke haƙa, kuma ba a barin kowa ya sauka sai ma'aikata da masu karɓar gawa. Wani ma'aikaci ya tare ni da hannu ya ce tsoho ba ya shiga. Dokta Kabiru, wanda bai ce mini uffan ba tun ranar, ya matso ya gaya masa da Turancinsa mai tsada cewa wannan shi ne injiniyanmu, sai ya duba.

Aka riƙe ni na sauka. Na durƙusa a kan gwiwar da ba ta durƙusuwa, na tona kusurwar da kansa zai kwanta, na ɗebo ƙasa cike da hannu. Ja ce. Na dunƙule ta da ƙarfina duka, na buɗe hannu, ta ƙi haɗuwa, ta zube ta tsakanin yatsuna.

Na ɗaga kai na ce, "Ku miƙo shi."